Yadda ake ɗaura suwici a rak da yadda ake kula da shi

Suwici shi ne akwatin ƙarfen nan mai jerin ƙofofi a gaba, wanda wayoyin kwamfutoci da na kyamarorin tsaro da na na'urorin waifai na gini ɗaya suke haɗuwa a cikinsa, kuma aikinsa shi ne ya karɓi saƙo daga wata ƙofa ya miƙa shi ga ƙofar da aka nufa kaɗai. Rak kuwa shi ne kabad ɗin ƙarfen da ake ɗaure shi a ciki. Domin kada bayani ya tsaya a iska, zan ɗauki samfuri guda in bi shi daga farko har ƙarshe, wato Cisco Catalyst 2960-X mai ƙofa 24 wanda yake tura wuta ta cikin waya, wanda lambarsa ita ce WS-C2960X-24PS-L. Kamfanin Cisco ya daina sayar da sabonsa a shekarar 2022, saboda haka yawancin wanda za ka samu a kasuwa na hannu ne, kuma shi ake yawan gani a makarantu da ofisoshi da otal-otal masu matsakaicin girma. Wanda yake da na wani kamfani, kamar MikroTik ko TP-Link ko Ubiquiti, umarnin rubutu ne kawai zai bambanta a wurinsa, amma aikin hannu duk ɗaya ne.

Abin da na lura da shi a wannan sana'a shi ne, da wuya suwici ya mutu don kansa. Wuta ce take kashe shi, ko zafi, ko ƙura, ko kuma a ɗora masa laifin da na waya ne. Saboda haka zan fi daɗewa a kan waɗannan fiye da kan umarnin saiti.

Zaɓen wuri da zaɓen rak

Kafin ka sayi ko noti ɗaya, ka zagaya ginin da tef ɗin awo. Wayar tagulla ta Ethernet ba ta wuce mita 100 daga suwici zuwa na'urar da take ƙarshe, kuma ƙa'idar ta raba wannan tsawon gida biyu: mita 90 na wayar da aka shimfiɗa cikin bango ko silin, da mita 10 na gajerun wayoyin da ake jonawa a ɓangarorin biyu. Awon kuma ba a miƙe ake yinsa ba, ana bin hanyar da wayar za ta bi ne, da hawanta bango da saukarta da duk kwanar da za ta sha. Idan ɗakin da aka ba ka yana can ƙarshen gini, ka nemi na tsakiya tun kafin a fara fasa bango. Ka guji bangon da rana take duka da yamma, da ƙarƙashin tankin ruwa, da kusa da banɗaki, da ɗakin da yake manne da na janareta, kuma ɗakin ya kasance mai kulluwa wanda ba kowa yake riƙe da makullinsa ba.

Faɗin fuskar duk na'urar da ake ɗaurawa a rak inci 19 ne, wato milimita 482.6, kuma tsayin rak ana ƙirga shi da ma'aunin da ake kira U, wanda kowane ɗaya inci 1.75 ne ko milimita 44.45. Suwicinmu U ɗaya yake ci. Babban rak mai tsayawa a ƙasa yakan kai U 42, na bango kuwa ana samun mai 6 da mai 9 da mai 12. Ga ginin da yake da suwici ɗaya ko biyu, mai U 12 ya wadatar, ya kuma bar wurin ƙari. Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne zurfi. Rak na bango yakan zo da zurfin milimita 450 ko 600, kuma mai sayarwa zai fi tura maka na 450 saboda sauƙin kuɗinsa. To, zurfin wannan suwici kusan santimita 37 ne, ga kan wayar wuta da zai fito ta baya, ga lanƙwasar wayoyi ta gaba, ga iskar da take buƙatar hanyar fita. A rak mai 450, ko dai ƙofa ta ƙi rufuwa ko ta riƙa danne wayoyi kullum. Ka sayi mai 600 ka huta.

Bangon da za a kafa rak ɗin ya zama na bulo mai ƙwari ko na kankare, a huda shi a sa bol mai buɗewa a cikin rami, a kuma ɗora ma'aunin daidaito irin na magina kafin a ƙarasa ɗaurewa. Bulon da yashi ya yi masa yawa ba ya riƙe bol, kuma idan ka ga garin bango yana zubowa kamar gero lokacin hudawa, gara ka koma ga rak mai tsayawa a ƙasa. Tsayinsa ya kasance inda mutum zai ga fitilun suwici yana tsaye, domin rak ɗin da sai da tsani ake kai wa gare shi, ba wanda zai riƙa duba shi.

Wuta da wayar ƙasa

Suwici ba ya son ɗaukewar wuta ta farat ɗaya, kuma abin da ya fi cutar da shi shi ne lokacin da ake juyawa daga wutar gari zuwa janareta da lokacin dawowa. Saboda haka wajibi ne a sa UPS a tsakani, wato na'urar batir da take riƙe wuta idan an ɗauke, kuma lissafinsa da wat ake yi. Lambar VA da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba ita ce nauyin da zai ɗauka ba. UPS mai VA 1,000 na masu sauƙin kuɗi sau da yawa bai wuce wat 600 zuwa 700 ba, kuma ainihin adadin yana rubuce a bayansa. Wannan suwici yana iya raba wat 370 ga na'urorin da suke shan wuta ta jikinsa, ban da abin da shi kansa yake ci, don haka idan ka cika shi da kyamarori ka haɗa da rauta, wato na'urar da take haɗa ginin da intanet, ka riga ka kusa cinye ƙaramin UPS. Idan kuɗi sun isa, a sayi irin wanda yake juya wuta zuwa ta batir sannan ya sake mayar da ita a kowane lokaci, wanda 'yan kasuwa suke kira onlayin, domin shi bai damu da rawar da wutar ƙaramin janareta take yi ba. Sauran nau'o'in sukan yi ta tsalle tsakanin batir da layi har batirin ya ƙare alhali janareta yana aiki. Wanda yake da inbata da sola, ya tabbata inbatar mai fitar da tsabtatacciyar wuta ce irin ta layi.

Lissafin wutar da ake turawa ta waya, wadda ake kira PoE, yana da sauƙi amma ana yawan tsallake shi. Ƙa'idar 802.3af ta shekarar 2003 tana ba kowace ƙofa wat 15.4, ta 802.3at ta 2009 ta kai shi 30, sannan 802.3bt ta 2018 ta kai 60 da 90, kodayake wannan suwici a 30 ya tsaya. Wat 370 ɗin nan yana nufin ƙofa 24 a kan 15.4, ko ƙofa 12 kacal a kan 30. A ce kana da na'urar waifai 8 masu neman 30 da kyamara 10 masu neman 15.4: na farko 240 ne, na biyu 154, jimla 394, ka ga ka haura. Abin da zai faru shi ne na'urorin da suka zo daga baya ba za su kama wuta ba, ka yi ta canza waya kana zargin kyamara, alhali kason wuta ne ya ƙare.

Sai wayar ƙasa, wadda masu wayarin suke kira atin. A gine-gine da yawa za ka buɗe soket ka tarar ramin nan na uku ba a jona masa komai ba. Ka ɗauki mita ka auna da kanka, kada ka dogara da cewar mai gini. Jikin rak yana buƙatar tasa wayar mai launin kore da rawaya, mai kauri milimita murabba'i 16, daga wurin ɗaurinta a jikin rak zuwa babbar mahaɗar atin ta ginin, a kankare fenti a inda za a ɗaura domin ƙarfe ya taɓa ƙarfe, a kuma haɗa ƙofar rak da jikinsa da gajeriyar waya. Abin da aka fi nema ga kayan sadarwa shi ne juriyar ƙasa ta kasance om 5 ko ƙasa da haka. A yankinmu lokacin da ya dace a auna shi ne tsakiyar rani, sa'ad da ƙasa ta bushe ƙamas, domin awon da aka yi a watan Agusta ƙasa tana jiƙe zai nuna kyakkyawan sakamako wanda ba zai kai watan Maris ba.

Gwaji a kan tebur

Kada ka ɗaura suwici a rak sai ka fara kunna shi a kan tebur, musamman na hannu. Ka saurari fanka ko tana gurnani, ka jira fitilar da aka rubuta wa SYST ta daina ƙiftawa ta tsaya kore. Idan ta tsaya ruwan goro, na'urar ta faɗi gwajin da take yi wa kanta, sai ka mayar wa mai ita tun da zafinta. Ka jona kwamfutarka da ƙofar sarrafawa, wadda take da nau'i biyu, ta RJ-45 (irin ramin wayar Ethernet) da ta ƙaramar USB, ka buɗe manhaja irin PuTTY, ka sa gudun 9600, bit 8, ba fariti, bit na tsayawa 1. Idan baƙaƙe marasa ma'ana suka cika allo, wani ya taɓa canza gudun, sai ka gwada 115200.

Na'urar hannu tana zuwa da saitin tsohon mai ita, kuma dole a share shi gaba ɗaya. Umarnin `write erase` yana goge saiti, amma ba ya taɓa jerin VLAN, wato rukunonin da aka raba ƙofofin suwici a cikinsu, wanda yake cikin wani fayil dabam. Shi kuma sai da `delete flash:vlan.dat`, sannan `reload`. Bayan ta tashi, ka rubuta `show version` ka kwatanta lambar siriyal da ta fito a allo da wadda take manne a jikin ƙarfe. Wannan ba yawan zargi ba ne. A shekarar 2020 kamfanin tsaro na F-Secure ya fitar da rahoto kan jabun 2960-X guda biyu da wani kamfani ya yi ta amfani da su bai sani ba, sai da aka sabunta musu manhaja suka daina aiki sannan asiri ya tonu. Daga nan ka ɗauki waya mai kyau guda ɗaya ka bi ƙofofin nan 24 ɗaya bayan ɗaya, ka kuma gwada su da kyamara ko na'urar waifai domin ka tabbata kowace tana ba da wuta, saboda suwicin da tsawa ta taɓa yakan rasa wasu ƙofofi a jere sauran kuma su ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru.

Ɗaurawa

Ramukan da suke jikin ginshiƙan rak ba a tazara ɗaya suke ba. Kowane U yana da rami uku, tazarar da take tsakaninsu milimita 15.9 ce sau biyu, sannan 12.7 tsakanin ramin ƙarshe da na farkon U na gaba. Wannan 'yar matsattsiyar tazarar ita ce iyaka tsakanin U da U. Wanda ya fara daga ramin da ba daidai ba zai ga noti na sama ya shiga na ƙasa ya ƙi, kuma duk abin da ya ɗaura bayan nan zai gurgunce. Ramukan masu kusurwa huɗu ne, ana maƙala musu noti mai keji, galibi mai girman M6, daga bayan ginshiƙi, ana matse fukafukansa da ɗan ƙarfen da ake sayarwa don haka ko da sukurudireba mai faɗin baki. Da yatsa tsirara ma yana shiga, sai dai yakan tafi da fatar gefen farce.

Tsarin jeri daga ƙasa yake farawa: mafi nauyi a ƙasa, wato UPS idan rak ɗin zai iya ɗaukarsa, idan kuwa na bango ne gara a ajiye UPS a kan ɗan dandamali a ƙasa. Allon haɗi, wanda ake kira fac-fanel, a sama, mai tattara wayoyi a ƙarƙashinsa, sannan suwici. Ka ɗaura kunnuwan ƙarfe biyu a gefen suwici da notinan da suka zo da su kawai, domin noti mai tsawo yana iya kaiwa ga allon lantarki na ciki. Nauyinsa kusan kilo 6 ne, kuma duk nauyin yana baya, don haka mutum biyu ake so: ɗaya ya tallafe, ɗaya ya ɗaura. A fara da notinan ƙasa na kowane gefe, domin su ne suke hana bayan na'urar rinjaya, a sa duka huɗun sako-sako, sai an ga ta zauna daidai a ƙarasa matsewa. Ramukan iskar da suke jikinta kada waya ko takarda ta toshe su, kuma duk hudar da wayoyi suka shigo ta cikinta a jikin rak a toshe ragowarta, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma a nan ba karin magana ba ce kawai: ƙadangare da ɓera suna son ɗumin rak, ɓera kuma yana cin rigar waya.

Wayoyi

A nan ne araha ba ta ado. Kasuwa cike take da kwalayen waya da aka rubuta wa Cat6 alhali cikinsu alminiyam ne da aka shafa wa tagulla a sama, abin da ake kira CCA. Juriyarta ga wuta ta fi ta tagulla zalla, saboda haka tana zafi idan aka tura PoE, wuta tana raguwa kafin ta kai ƙarshe, kuma tana karyewa a wurin dannawa bayan 'yan watanni. Gwajinta a gaban mai shago ake yi: ka fere sili ɗaya ka kankare shi da wuƙa, idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyam ne. Ko ka kara masa wutar ashana; tagulla za ta yi ja ta tsaya a miƙe, alminiyam kuwa zai lanƙwashe ya zube. Kwalin mita 305 na tagulla zalla ma da ɗagawa za ka ji ya fi nauyi. Cat5e mai kyau tana ɗaukar gigabit ɗaya har mita 100, Cat6 tana iya gigabit 10 zuwa kimanin mita 55, Cat6A kuwa har 100. Ga wannan suwici, wanda ƙofofinsa na gigabit ɗaya ne, Cat6 ta tagulla ta isa har da saura.

Wayar da ta fito daga bango ba a matsa mata kai a cusa ta kai tsaye cikin suwici. A bayan allon haɗi ake danna ta, sannan a ɗauko gajeriyar waya ta masana'anta a haɗa allon da suwici. Dalili shi ne silin wayar bango ƙwaya ɗaya ne mai tauri wanda ba ya jure yawan motsi, kuma idan aka tashi canza suwici, gajerun wayoyin kawai za a zare. Jerin launi iri biyu ne, T568A da T568B, kuma B ne aka fi bi: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ko wanne ka zaɓa, shi za ka bi a duk ginin, a kowane ɓangare. Kada ka warware murɗin sili fiye da milimita 13 a wurin dannawa, domin murɗin nan shi ne yake kare saƙo daga hayaniyar lantarki, kada kuma ka lanƙwasa waya fiye da da'irar da rabin faɗinta ya kai kaurin wayar sau huɗu. Wurin ɗaure damin wayoyi, maɗaurin kyalle mai mannewa ya fi na roba, saboda na roba idan aka ja shi da ƙarfi yana shaƙe waya. Wayar sadarwa da ta wutar lantarki kowace da bututunta, idan kuma dole su haɗu, su gitta juna kada su jera.

Lamba kuwa a sa ta tun ana jan waya, a kai da kai, kafin a yanke ta daga kwali. Tsari mai sauƙi ya isa, misali hawa da ɗaki da soket, kamar 1-07-B, a rubuta iri ɗaya a jikin waya da allon haɗi da fuskar soket. Kowace waya a gwada ta da na'urar gwaji kafin a rufe silin.

Idan za a haɗa gini da gini, tagulla ba ta da wuri a wannan aiki ko da tazarar mita 40 ce. Tsawar damina ba sai ta faɗo a kan waya take ɓarna ba. Faɗuwarta a kusa ya isa ya tura wuta cikin doguwar tagulla ta ƙone ƙofofi a ɓangarorin biyu, ga kuma bambancin atin na gine-ginen biyu. Faiba, wayar da take kai saƙo da haske, ita ta dace: gilashi ce, wuta ba ta bin ta. Suwicinmu yana da ramuka huɗu na SFP, wato ɗan ƙarfen da ake cusawa a suwici a jona masa faiba, daga ƙofa ta 25 zuwa ta 28. Nau'in SX yana aiki da faiba mai faɗin ciki har mita 550, nau'in LH kuwa da siririyar faiba mai rigar rawaya har kilomita 10. Nau'in da yake wannan kai shi zai kasance a wancan, kuma Cisco yakan ƙi karɓar SFP da ba a yi masa shaidar kamfaninsa ba, don haka a gwada kafin a biya. Idan an jona fitila ba ta kama ba, abu na farko shi ne a musanya silin biyu a kai ɗaya, domin mai aikawa na nan dole ya faɗa kan mai karɓa na can. Kada a leƙa bakin faiba da ido, haskenta ba a ganinsa amma yana lahani, kuma murfin roba ya zauna a kai har lokacin jonawa.

Saiti

Ka ba na'urar suna da `hostname`, sunan da zai nuna inda take. Ka sa kalmar sirri da `enable secret`, ka ƙirƙiri mai amfani, ka samar da makulli da `crypto key generate rsa` mai bit 2048 bayan ka sa sunan yanki, sannan a layukan shiga daga nesa ka rubuta `transport input ssh` domin a rufe Telnet, wanda yake aika kalmar sirri a fili. Ka kashe Smart Install, kafar Cisco ta saita suwici daga nesa, da `no vstack`, saboda a 2018 an yi amfani da wannan kafa, wadda take sauraro a lamba 4786, an kutsa cikin suwici masu ɗimbin yawa a ƙasashe dabam-dabam. Ka kuma rubuta `no setup express`, domin in ba haka ba, mai ƙarambanin da ya danne maɓallin Mode na gaba ya daɗe yana iya mayar da na'urar kamar sabuwa. Agogo a daidaita shi da `clock timezone WAT 1` da `ntp server`, domin rahoton matsala da ba shi da sahihin lokaci ba ya taimakon kowa.

Rabon VLAN shi ne raba suwici ɗaya ya zama kamar da yawa: ma'aikata dabam, kyamarori dabam, baƙi masu hawa waifai dabam, sarrafa na'urori dabam. Ƙofar da kwamfuta ko kyamara za ta hau a sa mata `switchport mode access` da lambar VLAN ɗinta, wadda za ta tafi wani suwici ko rauta a sa mata `switchport mode trunk`, a kuma taƙaita VLAN da aka yarda su bi ta. Kowace ƙofa a rubuta mata `description` da lambar nan ta jikin soket. Wadda ba a amfani da ita a rufe ta da `shutdown`.

Akwai umarni biyu da ba na barin wuri sai na sa su, kuma wahala ce ta koya mini. An taɓa kirana wata makaranta da safe, intanet ta tsaya cak a duk ginin, fitilun suwici gaba ɗaya suna ƙiftawa tare da sauri kamar ana kaɗa su da ganga ɗaya. Mun zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya har muka kai ta goma sha bakwai, nan take komai ya lafa. Ba lamba a jikinta, sai da muka bi ta cikin silin har ɗakin malamai. Ashe mai shara ce ta ga waya tana reto a bayan tebur, ta tausaya mata, ta cusa ta cikin ƙaramin suwicin da ɗaya kan nata yake ciki. Saƙo ya yi ta zagaye ba mafita har ya cika layi. Ƙa'idar da take hana wannan ita ce STP, wadda Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, amma wanda ya yi saitin farko a wurin ya kashe ta saboda ƙofofi suna jinkirin kusan daƙiƙa 30 kafin su fara aiki. Maganin jinkirin ba kashewa ba ne: a ƙofofin masu amfani a sa `spanning-tree portfast` domin su tashi nan da nan, a haɗa da `spanning-tree bpduguard enable` domin ƙofar ta rufe kanta da zarar ta ji alamar zagaye ko baƙon suwici.

Idan ka gama, `copy running-config startup-config`. Wanda ya manta wannan, ɗaukewar wuta ta farko za ta mayar da aikinsa na baban giwa. Ka kuma kwafi saitin zuwa filashi da `copy running-config usbflash0:` ka adana shi a wani wuri da ba cikin rak ba.

Kulawa

An ƙera wannan suwici ya jure zafi har digiri 45, amma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai yake haura 40 a inuwa, cikin rufaffen rak a ɗakin da ba iska yana wuce wannan iyaka cikin sauƙi. Abin da ake so ga ɗakin na'urori shi ne digiri 18 zuwa 27. Inda ba halin na'urar sanyaya ɗaki, a sa fankokin saman rak su riƙa zuƙe iska mai zafi, a bar U ɗaya fanko a saman suwici, a kuma rataye ɗan ma'aunin zafi a ciki. Batirin UPS ya fi suwici jin jiki: an auna rayuwarsa ne a kan digiri 25, kuma duk ƙarin kimanin digiri 10 yana rage ta da rabi, shi ya sa batirin da aka ce zai yi shekara 3 zuwa 5 yake kumbura tun bai cika biyu ba. Duk wata uku a zare UPS daga bango da gangan, a lokacin da ba a aiki, a ga minti nawa zai riƙe.

Ƙurar hunturu kuwa laushi gare ta kamar garin fulawa, tana bin iskar fanka ta kwanta a ciki ta zama bargo. A share sau biyu a shekara aƙalla, kafin hunturu da bayansa. A kashe na'urar, a zare wuta, a fitar da ita waje, a hura da bulowa daga ɗan nesa, a kuma tokare fanka da tsinke kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Injin zuƙar shara na gida da tsumma mai ruwa da burushin roba duk gyaran gangar Auzinawa ne, domin busasshiyar iskar hunturu tana tara wutar da take tartsatsi a jiki, irin wadda mutum yake ji idan ya taɓa ƙofar mota, kuma ita kaɗai ta isa ta lalata allon ciki. Kafin ka taɓa SFP ko cikin na'ura, ka ɗaura abin hannu mai waya zuwa jikin rak, ko aƙalla ka fara dafa ƙarfen rak ɗin.

Sau ɗaya a wata ka shiga ka duba abu huɗu. `show env all` zai nuna zafi da lafiyar fanka, `show power inline` zai nuna wat nawa ya rage, `show logging` zai nuna ƙofar da take yawan ɗaukewa tana dawowa, `show interfaces status` kuma zai nuna gudun kowace ƙofa. Idan ka ga ƙofar da ya kamata ta nuna 1000 tana nuna 100, kusan kullum waya ce, domin gigabit yana buƙatar tagwayen sili huɗu duka, 100 kuwa biyu sun ishe shi, don haka sili ɗaya da ya saki ya isa ya sauko da gudun. Suwicin yana iya auna wayar da kansa: `test cable-diagnostics tdr interface gi1/0/5` (a nan gi1/0/5 ƙofa ta 5 ke nan), ka jira 'yan daƙiƙu, sannan `show cable-diagnostics tdr interface gi1/0/5` ya faɗa maka tagwayen da suka yanke da kimanin mitar da yankewar take. Ƙofar da ta nuna err-disabled kuwa ta rufe kanta ne bisa dalili. Ka nemo dalilin a rahoto ka gyara, sannan `shutdown` da `no shutdown` su dawo da ita.

Sabunta manhaja a yi shi idan akwai gyaran tsaro ko matsalar da aka tabbatar, daga shafin kamfanin kawai, a tantance fayil da `verify /md5`, a yi shi da UPS cike da caji a ranar da ba aiki, kuma kana tsaye a gaban na'urar da wayar sarrafawa a hannu. Idan kuwa dole ka canza saiti daga nesa, ka fara rubuta `reload in 10`: in canjin ya yanke ka, bayan minti 10 na'urar za ta sake tashi da tsohon saitin da aka adana, in kuma komai ya tafi daidai sai ka soke da `reload cancel` ka adana sabon. A cikin ƙofar rak a manna takarda cikin leda mai ɗauke da jerin ƙofofi da inda kowace ta nufa, da ranar da aka sa batir, da ranar shara ta ƙarshe, a kuma gyara ta da biro duk ranar da aka matsar da waya. Kalmar sirri ba ta shiga wannan takarda. Ita a rufe ta a ambulan a damƙa wa shugaban wurin.